Sauya Kafet a Katakan Tirelar Jirgin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi

Tirelar da ake jan ƙaramin jirgin ruwa da ita, in dai ba mai ƙananan tayoyin gungurawa ba ce, za ka same ta da dogayen katakai biyu ko huɗu a kwance, an naɗe su da kafet. A kansu cikin jirgin yake kwanciya, don haka a nan za mu riƙa ce musu katakan gado. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu jirage suka fi yi idan kafet ɗin nan ya fara mutuwa.

Ta yaya zan gane lokacin sauyawa ya yi?

Ba ka gani sai jirgi ya sauka daga tirela. Ran da ka saka shi a ruwa, kafin ka tafi yawonka, ka ɗauki minti biyar ka bi katakan da tafin hannu daga farko har ƙarshe. Inda gashin kafet ya kwanta ya yi sanƙo, inda ya tsage katako ya leƙo, inda ya saki yana reto a ƙasa, duk alamu ne. Wurin da ya fi saurin ci shi ne ƙarshen baya, domin nan ne hancin jirgi yake fara dukan katako duk lokacin da ake loda shi.

Akwai alamar da ke jikin jirgin kansa. Idan ka ga dogayen ƙarce a cikinsa, a miƙe, daidai inda katako yake zama, to ko yashi ya cika kafet ɗin, ko kan wani ƙarfe ya ɓullo. Wannan ba ya jiran wata mai zuwa.

Kafet kaɗai zan sauya, ko har da katakon?

Ɗauki sukurudireba ka soka katakon daga ƙasa, musamman kusa da inda ƙusoshi suka shiga da kuma bakin ƙarshensa. In ya shiga da sauƙi, ko katakon ya yi baƙi yana marmashewa, ya ruɓe. In ya ƙi shiga, katakon na da sauran rai.

Amma ra'ayina shi ne, tunda ka riga ka kwance, ka sauya duka. Katakon da ya ci kafet ɗaya har ya ƙare ya sha ruwa da rana na shekaru, kuma cire tsofaffin fil ɗin da aka harba suka riƙe kafet ɗaya bayan ɗaya da filaya aiki ne mai cin rai wanda ya fi yanka sabon katako ɗaukar lokaci. Ban da haka, idan sabo za ka sa, za ka iya naɗe shi a gida a natse tun jirgin yana kan tsohon, sai ranar sauyawa ta zama kwancewa da ɗaurawa kawai.

To ina zan ajiye jirgin yayin da nake aikin?

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce ka bar ruwa ya ɗauke maka nauyin. Ka auna tsofaffin katakan, ka yanka sababbi, ka naɗe su tsaf, ka zuba su a mota tare da kayan aiki. Ka je bakin ruwa ka sauke jirgin, ka ɗaure shi ko wani ya zauna da shi, ka ja tirelar gefe inda ba za ka tare wa kowa hanya ba, ka yi aikinka. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka fesa wa notuna man sassauta tsatsa. Kuma ka tafi da zarton ƙarfe, domin kusan kullum akwai noti ɗaya da zai ce shi ba inda za shi.

Wani abu da mutane suke mantawa: kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoto da waya, ka kuma yi alama da alli ko alƙalamin fenti a kan ƙarafan da ke riƙe da katakan. Tsayinsu da karkatarsu an daidaita su ne da siffar cikin jirginka. In ka bar su yadda suke, sabon katako zai zauna inda tsohon ya tashi.

Idan ba halin kai jirgin ruwa, ana ɗaga shi da jak a yi gefe ɗaya, a gama, a koma ɗaya gefen. A nan sai an yi hattara ƙwarai. Tirela ta kasance a ƙasa mai tauri kuma a baje, an tare tayoyinta gaba da baya, an sassauta igiyoyin da suka ɗaure bayan jirgin. Tsakanin jak da jikin jirgi a sa katako mai faɗi domin nauyin ya bazu. Santimita 3 zuwa 5 ya isa katako ya zare, ba sai ka ɗaga shi sama da haka ba. Da zarar ya ɗagu, a tokare shi da kututturan katako ko ƙafafun ƙarfe na tokare jirgi. Jak na iya saki ba tare da ya yi sallama ba, saboda haka kada hannunka ko kanka ya shiga ƙarƙashin jirgin da jak kaɗai ke riƙe da shi. Bulon siminti ma ba abin tokara ba ne, yana fashewa farat ɗaya. Jirgi babba kuwa, a kai shi inda suke da na'urar ɗagawa.

Wane irin kafet zan saya? Ina da ragowar na ɗaki, ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Kafet ɗin ɗaki yana shan ruwa ya riƙe, bayansa yana sakin jiki idan ya jiƙe, kuma wanda gashinsa yake a lanƙwashe kamar zobe yana kama duk wani abu da ya ɗan fito a cikin jirgi ya warware.

Abin da ake nema shi ne kafet ɗin jiragen ruwa, wanda ake saƙawa da zaren roba mai suna folifirofilin. Wannan zare kusan ba ya shan ruwa sam, ba ya ruɓewa, kuma launinsa tun a wajen narka robar ake zuba shi, shi ya sa ba ya zuba. Rauninsa rana ce, don haka ka duba a ce an sa masa maganin jure hasken rana. Ana auna nauyinsa da oza a kan kowane murabba'in yadi, za ka ga an rubuta 16 ko 20. Mai 20 ya fi kauri, ya fi daɗewa a ƙarƙashin jirgi mai nauyi, sai dai ya fi wuyar lanƙwasawa a kusurwa. Ga ƙaramin jirgin alminiyom mai 16 ya wadatar.

Ka juya bayansa ka duba. Akwai mai bayan roba mai kauri, irin wanda ake mannawa a daɓen jirgi. A kan katakon gado ba na sonsa, domin ruwan da ya shiga tsakaninsa da katako ba ya samun hanyar fita. Mai sakakken baya da ruwa ke ratsawa ya fi.

Launi ba ya canza komai a aikin. Sai dai baƙin kafet mai arha yakan bar shaida a jikin farin jirgi, toka-toka kuwa ba ruwansa.

Faɗi nawa da tsawo nawa?

Katakon da ake kira 2 da 4, ainihin awonsa milimita 38 ne da 89. In ka haɗa sama da gefe biyu ka sami 165, ka ƙara kamar 30 a kowane gefe na lanƙwasawa ƙasa, ka tashi da kusan santimita 23, wato inci 9. Na 2 da 6 awonsa 38 da 140 ne, yana son santimita 28 zuwa 30, inci 11 ko 12. Ana sayar da kafet ɗin a yanke a irin waɗannan faɗin, a nannaɗe. A tsawo, ka ƙara santimita 10 zuwa 15 a kowane ƙarshe.

Lura da cewa wannan lissafi bai rufe ƙasan katakon duka ba, kuma da gangan ne. Tsirin da aka bari a buɗe a ƙasa shi ne ƙofar da ruwa ke fita, iska ke shiga. Wanda ya naɗe katako ruf, ya yi kyau a ido, amma ya ɗinka masa jikar ruwa.

Wane katako ya dace? Na ji an ce mai magani yana cin alminiyom.

Gaskiya ne, kuma ga dalili. Katakon da aka dafa da maganin ruɓa, wanda za ka gan shi da ɗan kore-kore, shi aka fi amfani da shi domin yana jure jiƙa da bushewa. A da maganin da ake sawa haɗin kuromiyom ne da jan ƙarfe da asanik, wanda ake taƙaita sunansa da CCA. A Amurka an daina sa shi a katakon amfanin gida daga ƙarshen 2003, aka koma wasu magunguna irin su ACQ, waɗanda jan ƙarfen cikinsu ya fi yawa. Jan ƙarfe da alminiyom kuwa ba sa ga maciji idan akwai ruwa a tsakaninsu: alminiyom ne yake narkewa a hankali, ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana. Jiƙaƙƙen kafet ba katanga ba ne, shi ne ma yake ɗauko ruwan da ya jiƙa maganin ya manna shi a cikin jirgin na kwanaki. A ruwan gishiri abin ya fi sauri.

Saboda haka mai jirgin faiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilas da roba, ya sa katako mai magani hankalinsa kwance. Mai jirgin alminiyom yana da zaɓi biyu: ya nemi katako marar magani mai jure ruwa da kansa, irin su sidar ko saifires ko farin oak, ya yarda zai riƙa duba shi akai-akai, ko kuma ya sa mai maganin amma ya raba shi da jirgin da shimfiɗar roba mai tauri. Haka nan idan ƙarafan tirelar na alminiyom ne, a sa ɗan falle na roba tsakaninsu da katakon.

Wajen zaɓe, ka ɗaga kowane katako ka sa ido a bakinsa ka hango tsawonsa. Mai murɗewa ko mai manyan gaɓoɓi ka ajiye shi. Mai magani sau da yawa yana zuwa a jiƙe sharkaf, da nauyi. Ka jera shi a inuwa a kan shimfiɗaɗɗen wuri, da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iska na 'yan makonni, in zai murɗe ya murɗe tun kafin ka ɓata kafet a kansa. Katakon roba da ake daɓen baranda da shi ba ya ruɓewa, amma yana lanƙwashewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ba a yi shi don ɗaukar irin wannan nauyi shi kaɗai ba.

Wane irin fil zan harba?

Nan ne aikin mutane da yawa yake lalacewa, har da nawa na farko. Na sayi kafet mai kyau, na yanka katako mai kyau, sai na ɗauki fil ɗin da na tarar a akwatin kayan aiki, irin na masu ɗinkin kujeru, na harba. Shekara ba ta zagayo ba na ja tirela daga ruwa na ga kafet yana lilo a ƙasa kamar tsumma. Da na duba, bayan kowane fil ya cinye, ƙafafunsa biyu kawai suka rage a cikin katako, kowanne da ɗigon tsatsa ja a kewaye. Kafet ɗin lafiyarsa ƙalau, amma dole na sake aikin daga farko.

Fil na ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa, wato sitenles. Mai lamba 304 ya isa a ruwan daɗi. A ruwan gishiri a nemi mai lamba 316, wanda aka ƙara wa molibdinom don jure gishiri, ko kuma na Monel, wani haɗin ƙarfe da kusan kashi biyu cikin ukunsa nikel ne, sauran galibi jan ƙarfe. Mai rufin tutiya na yau da kullum ba ya daɗewa a cikin katako mai magani. Tsawon ƙafar fil ya kai milimita 12 zuwa 14, domin ya ratsa kafet ya kama katako sosai. Bindigar harba fil ta hannu tana yi, amma bayan fil ɗari biyu hannunka zai gaya maka. Ta lantarki ko ta iska ta fi, kuma duk wanda bai nutse ba ka bi shi da guduma.

Sai na shafa gam?

Ba dole ba ne, ni ba na sawa. Kafet da aka ja da kyau aka harbe ba ya motsi. Gam yana toshe fuskar katako, kuma ran da za a sake sauyawa sai an kankare. Wanda jirginsa mai nauyi ne ƙwarai har yana tattare kafet, zai iya shafa siririn layi na gam mai jure ruwa a saman kawai.

Yaya ake naɗewar?

Da farko ka kashe kaifin gefunan saman katakon da samfefa ko abin fiƙe katako, su ɗan zagaye. Kaifin gefe shi ke yanka kafet daga ciki. In ka yanka katako mai magani, ka shafa wa bakin yankan maganin ruɓa, kuma ka rufe hanci da baki lokacin yanka.

Shimfiɗa kafet a ƙasa mai tsabta, gashinsa na kallon ƙasa. In da rana, bar shi ya ɗan sha ɗumi, zai fi miƙuwa. Kifa katakon a tsakiyarsa. Lanƙwaso gefe ɗaya, ka fara harbi daga tsakiyar katakon kana tafiya zuwa ƙarshe, tazarar santimita 5 zuwa 7 tsakanin fil da fil. Sannan ka koma ɗaya gefen, nan ne ƙarfi yake: ka sa gwiwa ka danne katakon, ka kama bakin kafet da filaya mai faɗin baki, ka ja har sai ka ji ya ɗame, ka harba, ka matsa gaba. In ka juya katakon ka tsunkuli saman kafet ɗin ya taso, bai ɗamu ba.

Ƙarshen katako ana naɗe shi ne kamar yadda ake naɗe kwali da takarda. Ka tura gefe biyu ciki, ka yanke abin da ya yi yawa da sabuwar reza domin kada ya yi tudu, ka jawo harshen sama ya rufe bakin katakon ya zagayo ƙasa, ka harbe shi da fil biyar ko shida. Harshen sama shi ne zai zama na waje, domin idan jirgi ya goga ya bi ta kansa ya wuce, kada ya sami bakin da zai kama.

Fil ko ɗaya kada ya hau sama ko gefen da jirgi zai taɓa. Duka a ƙasa.

Ƙusoshin ɗaure katako fa, in mayar da tsofaffin?

In sun yi tsatsa ko wuyansu ya sirance, a'a. Hanya biyu ake ɗaurewa. Ta farko ƙusa mai zare ce mai kan sifana, wadda ake murɗawa daga ƙasa ta ratsa ƙarfe ta shiga katako. Tana da sauƙi, kuma ba ta buƙatar a yi komai kafin naɗe kafet. Sai dai a fara huda ƙaramin rami don kada katako ya tsage, kuma a auna tsawonta da kyau: katakon milimita 38 ne kacal, in ƙusar ta zarce, tsininta zai jira cikin jirginka a ƙarƙashin kafet. Ta biyu ita ce bol mai zagayayyen kai da ake sakawa daga sama ya fito ƙasa a ɗaure da noti. Ta fi riƙo nesa ba kusa ba, domin ko katako ya fara laushi ba ta zarewa. Amma dole a huda, a faɗaɗa bakin ramin yadda kan bol zai nutse ƙasa da fuskar katako, a saka shi tun kafin a naɗe kafet. Wanda ya manta ya naɗe, sai ya kwance.

Ko wacce ka zaɓa, ta kasance sitenles ko mai kaurin rufin tutiya irin wanda ake tsomawa a narkakkiyar tutiya. Notin sitenles yana da halin cijewa a kan zarensa ya ƙi gaba ya ƙi baya, don haka a shafa masa ɗan man hana cijewa kafin a ɗaure.

Zan iya ƙara wa katakon tsawo ko in matsar da shi?

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarshen baya. Katakon ya kai har ƙarƙashin bangon bayan jirgi, inda inji yake rataye, ko ya ɗan zarce da santimita 2 zuwa 3. Nan ne nauyi ya taru. In katako ya tsaya kafin bangon, nauyin inji da girgizar hanya za su riƙa danna cikin jirgin a kan bakin katakon, a hankali ya lotsa, kuma jirgin da cikinsa ya lotsa a baya ba ya tafiya daidai a kan ruwa. In tsohon katakonka gajere ne, wannan ce damar gyarawa.

Bayan ka loda jirgin karon farko, ka durƙusa ka leƙa. Katako ya kwanta a jikin jirgi tun daga farko har ƙarshe, ba haske a tsakani. Kada ya hau kan dogayen tudun nan da ke bin cikin jirgi, ya zauna a gefensu. Ka tabbata kuma bai taɓa na'urar auna zurfi ko bakin bututun ruwa ba.

Me ya sa ba zan sa roba mai santsi in huta da kafet ba?

Mutane da yawa sun koma can, musamman masu jiragen alminiyom. Robar ba ta riƙe ruwa, ba ta tara yashi, kuma jirgi yana sauka ko a ruwa marar zurfi. Masu jirgin faiba mai sheƙi ko mai fenti sukan yi ɗari-ɗari da ita saboda tana iya dusashe wurin da take gogawa.

Santsin nata kuma shi ne haɗarinta. Wanda ya saba da kafet yakan kwance ƙugiyar gaban jirgi tun yana saman gangara, sannan ya yi baya. In ka yi haka a kan roba, jirgin zai iya zamewa ya faɗi a kan siminti tun tirela ba ta taɓa ruwa ba. Ƙugiya da sarƙar gaba ba a kwance su sai bayan jirgin yana cikin ruwa.

Sabon kafet ya riƙe jirgin, ba ya son sauka. Me zan yi?

Haka sabo yake. Ka ƙara shigar da tirelar cikin ruwa kaɗan. Wajen lodi kuma, ka fara nutsar da katakan gaba ɗaya su jiƙe, sannan ka ɗan jawo tirelar zuwa inda ka saba. Jan jirgi a kan busasshen kafet yana ƙona gashinsa, domin zaren roba ne, zafin gogayya yana kwantar da shi. Feshin silikon a kan busasshen kafet yana taimakawa, amma daga ranar ka ɗauke shi kamar roba mai santsi wajen kwance ƙugiya. Man inji ko giris kada su kusance shi, suna kama yashi kuma suna ɓata ruwa.

Yaya zan sa ya daɗe?

Yashi ne babban abokin gaba, domin kafet mai yashi samfefa ne. Duk lokacin da jirgi ya sauka, in da hali, ka watsa wa katakan ruwa ko ka bi su da buroshi mai tauri. Bayan ruwan gishiri a wanke tirelar duka da ruwan daɗi. Wajen ajiya a ɗan ɗaga gaban tirela domin ruwa ya tsiyaye ta baya.

Akwai wani dalilin wankewa da bai shafi kafet ɗin kansa ba. Jiƙaƙƙen kafet yana ɗaukar ƙananan halittu da tsirrai daga wannan tafki zuwa wancan. Misalin da aka fi sani shi ne wata 'yar ƙaramar kumba mai zane kamar jakin dawa, wadda asalinta yankin Baƙin Teku da Tekun Kasfiyan ne. An gano ta a tafkin Sent Kilya da ke tsakanin Amurka da Kanada a 1988, daga nan ta bazu tana toshe bututun ruwa, kuma jiragen da ake ja a tirela suna cikin abin da ya yaɗa ta. 'Ya'yanta ido ba ya ganinsu, suna rayuwa a cikin laima. Shi ya sa hukumomi a can suke cewa a wanke, a tsiyaye, a bar jirgi da tirela su bushe kamar kwana 5 kafin a shiga wani ruwan dabam, wasu wuraren ma har tsayar da mutum ake yi a duba.

Tsofaffin katakan fa, in ƙona su?

Kada ka ƙona katako mai magani, tsoho ko guntayen sabo. Hayaƙinsa da tokarsa suna ɗauke da ƙarafan da aka dafa shi da su, kuma in tsohon irin CCA ne, har da asanik, wanda guba ne. Ka lanƙwashe ko ka cire ƙusoshin da suka fito, ka yanka katakan gajeru yadda za su ɗauku, ka kai su inda ake karɓar irin wannan shara. Idan a bakin ruwa ka yi aikin, ka bi ƙasa da maganaɗisu ka tsince tsofaffin fil da notuna, domin wurin tayoyi ne da mutane marasa takalmi. Na sitenles ba kasafai suke kama maganaɗisu ba, waɗannan sai da ido.